Girman tayar baya a tsofaffin motocin tseren dirag

Girman tayar baya shi ne tsayi da faɗin tayoyi biyun da ke bayan mota, tare da girman wilin da ake saka su a kai. A tseren dirag waɗannan tayoyi ne suke isar da ƙarfin inji zuwa kwalta. Tseren dirag gasa ce tsakanin motoci biyu da ke tashi daga tsaye su yi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, galibi rubu'in mil ɗaya, wato ƙafa 1,320 ko kimanin mita 402. Wasan ya bunƙasa ne a ƙasar Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A yau akwai masu farfaɗo da motocin tsere na shekarun 1950 zuwa farkon 1970 domin nuni ko domin su sake hawa fili, kuma zaɓen tayar baya yana cikin manyan shawarwarin da suke yankewa. Taya mafi girma ba ita ce mafi dacewa ba a kowane lokaci. Girman da ya dace yana bin zamanin da motar ta fito, dokar rukunin da za ta shiga, giyar bayanta, sararin da ke jikinta, da kuma ƙarfin ƙarafanta.

Tarihi

An buɗe filin tsere na Santa Ana a jihar Kalifoniya a shekarar 1950, sannan a 1951 Wally Parks ya kafa hukumar NHRA, wadda ita ce babbar mai tsara dokokin wasan a Amurka. Motocin farko da tayoyin titi suke tsere. Daga baya aka fara ɗaukar tsohuwar taya a liƙa mata sabuwar roba marar zane, domin robar da ke taɓa kwalta ta ƙaru. Irin wannan taya marar zane ita ake kira silik.

A ƙarshen shekarun 1950 kamfanin M&H na Marvin da Harry Rifchin, a jihar Massachusetts, ya fara ƙera silik musamman domin dirag da sunan Racemaster. Kamfanin Goodyear ya shigo a tsakiyar shekarun 1960. A wannan lokacin ne aka samu silik mai laushin gefe, wadda take yamutsewa a lokacin tashi ta shimfiɗu a ƙasa. Kafin zuwanta, manyan motocin dirag kan kai ƙarshen fili tayoyinsu na juyawa a banza suna tayar da hayaƙi.

Saboda tayoyin wancan zamani ba su riƙe kwalta sosai, maƙera suka riƙa neman hanyar mayar da nauyi baya. Motocin rukunin Gasser, irin su Willys ƙirar 1941 da Chevrolet ƙirar 1955, an ɗaga gabansu sama. A 1965 kamfanin Chrysler ya matsar da aksul ɗin baya na wasu motocin Dodge da Plymouth zuwa gaba da inci 15. Wannan ya nuna cewa fasalin tsofaffin motocin an gina shi ne a kan tayar zamaninsu, abin da ya sa sauya tayar yake sauya halin motar gaba ɗaya.

Yadda ake karanta girman taya

Ana rubuta girman silik da inci, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan aka rubuta 28x10.5-15, lambar farko tsayin taya ce daga ƙasa zuwa sama, ta biyu faɗin robar da ke taɓa kwalta, ta uku kuma girman wili. Harafin W a bayan lamba ta biyu yana nuna cewa faɗin ya ɗan zarce abin da aka rubuta. Tsofaffin tayoyi suna da wani salon rubutu na daban, kamar 8.20-15 ko 10.00-16, wanda bai ambaci tsayi ba, don haka sai an auna ko an duba jadawalin kamfanin.

Akwai awo biyu da ba su fitowa a wannan rubutu. Na farko shi ne faɗin cikin taya a inda ta fi kumbura, wanda yakan zarce faɗin robar da ke ƙasa. Na biyu shi ne kewayen taya, wato nisan da take ci a juyi ɗaya. Taya mai tsayin inci 28 tana da kewayen kusan inci 88.

Tsayin taya da giyar baya

Tsayin taya yana aiki ne kamar wata giya ta ƙarshe. Doguwar taya tana cin nisa mai yawa a juyi ɗaya, don haka inji yana juyawa a hankali a gudu iri ɗaya. Masu tsere suna lissafa juyin inji a minti ɗaya ta hanyar ninka gudun mota, a mil cikin awa, da lambar giyar baya, a sake ninkawa da 336, sannan a raba da tsayin taya. Lissafin yana aiki ne idan mota tana babbar giya wadda juyinta ɗaya da na inji.

Misali, mota mai giyar baya 4.56 da ke tsallake layin ƙarshe da gudun mil 120 cikin awa, wato kimanin kilomita 193, injinta zai yi juyi kusan 6,570 a minti da taya mai inci 28. Da taya mai inci 30 juyin zai sauka zuwa kusan 6,130, da mai inci 26 kuwa zai haura 7,000. Idan ƙarfin injin yana ƙarewa a wajen 6,500, gajeriyar tayar za ta sa ya wuce iyakarsa kafin ƙarshen fili, abin da kan jawo lalacewarsa. Doguwar kuma za ta sa motar ta yi nauyin tashi. Wanda ya koma inci 30 yana son juyin da yake samu a da, sai ya sauya giyar baya zuwa kusan 4.88.

Silik irin ta gargajiya, wadda zaren cikinta yake kwance a karkace, tana ƙara tsayi idan gudu ya yi yawa, faɗinta kuma ya ragu. Ana saka wannan ƙarin a lissafi. Tayar dirag ta radiyal ba ta ƙaruwa sosai.

Faɗin taya da ƙarfin mota

Faɗi da tsayi duka suna ƙara robar da ke kwance a kwalta: faɗi yana buɗa ta gefe da gefe, tsayi kuma yana tsawaita ta gaba da baya. Idan taya ta yi wa ƙarfin inji ƙanƙanta, sai ta riƙa juyawa a banza, mota na iya karkacewa ta bar layinta. Idan ta yi girma da yawa, tana ƙara nauyin da inji zai juya, kuma tana iya kama ƙasa har juyin inji ya faɗi a wurin tashi.

Haɗarin babbar taya ya fi yawa a tsohuwar mota. Filayen tsere na yanzu ana fesa musu wani sinadari mai danƙo, robar silik ta yanzu kuma ta fi ta da laushi. Jujjuyawar da tsohuwar taya take yi ita ce take rage wa aksul, kuloci da akwatin giya nauyi. Idan taya ta kama ƙasa gaba ɗaya, ƙarfin yana komawa kan waɗannan ƙarafa, kuma aksul da ya karye a lokacin tashi yana iya juya mota zuwa katanga. Mota mai gajeren shasi da ɗagaggen gaba, irin Gasser, tana iya miƙewa a kan tayoyin baya fiye da kima. Shi ya sa masu farfaɗowa da dama suke sauya aksul da sabo mai ƙarfi ko da sun bar kamannin waje yadda yake.

Sarari da wili

Ana auna sararin da ke tsakanin sifirin ko shasi daga ciki da bakin madigadi daga waje, a kwatanta shi da faɗin cikin taya. Ana barin rata ta kusan inci ɗaya ko fiye a kowane ɓangare, da ƙarin rata a sama da gaba saboda ƙaruwar tsayi. Tayar da ta goga ƙarfe a cikin gudu tana iya fashewa.

A shekarun 1960 an saba yanke bakin madigadi a zagaye domin taya ta samu wuri ta ɗan leƙo waje. Faɗaɗa ramin taya zuwa ciki tare da rage tsawon aksul ya yaɗu ne daga baya. A motar da ke da tarihin tsere, yanke jikinta na asali abu ne da ba a iya mayarwa, kuma yana rage mata daraja. Saboda haka akan zaɓi tayar da za ta shiga ramin da ke akwai, maimakon a yanke mota domin taya.

Faɗin wili yakan kasance daidai da faɗin robar da ke taɓa ƙasa, ko da bambancin inci ɗaya. Tun da iskar da ake sa wa silik ba ta kai rabin ta tayar motar gida ba, akan ɗaure bakin tayar a jikin wili da sukuru domin kada ta zame. Tsofaffin wili na maganiziyam, kamar na Halibrand, suna zagwanyewa da tsagewa in sun daɗe, don haka ana bincika su kafin amfani. Dole kuma kewayen tayar hagu da ta dama ya zo kusan ɗaya, musamman idan an haɗe aksul biyun suna juyawa tare. Kamfanoni kan ba da shawarar kada bambancin ya wuce rabin inci, domin fiye da haka mota tana jan gefe ɗaya.

Dokoki da kamannin zamani

Sau da yawa doka ce take yanke hukunci tun kafin lissafi. A farkon shekarun 1960, NHRA ta ƙayyade faɗin tayar rukunan Stock da Super Stock zuwa inci 7, kuma sai mai zane. Wannan ya haifar da silik mai tsagi biyu kacal, wadda ta cika sharaɗin zane a zahiri. A yau iyakar silik a rukunin Stock inci 9 ce. Ƙungiyoyin tseren tsofaffin motoci, kamar Southeast Gassers Association da ke bin salon 1967, suna da nasu sharuɗɗan kan taya da wili.

Motar da aka gyara domin nuni kawai, irin waɗanda ake tayar da injinsu a taron California Hot Rod Reunion da aka fara a 1992 kusa da Bakersfield, ana sa mata taya mai girma da fasalin shekarar da take wakilta. Ana gano wannan daga tsofaffin hotuna da mujallu, kuma kamfanoni irin su Coker suna sake ƙera tayoyi masu tsohon fasali. Asalin silik da ta shekara hamsin ko sittin robarta ta bushe, ba a tsere da ita. Motar da za ta hau fili kuwa sabuwar silik ake sa mata, mafi kusa da girman asali wanda doka, giya da ramin taya suka yarda da shi. Silik marar zane ba ta halatta a titin jama'a a Amurka ba, kuma ba ta riƙe ƙasa idan akwai ruwa.