Rage ƙiba: daga tukunya ake farawa

Da asuba, bayan an sallame salla, a titunan Yamai ko Maraɗi za ka ga magidanta da matan aure suna tafiya da sauri, wasu har da gudu-gudu. Galibinsu likita ne ya ce su rage ƙiba, saboda hawan jini ko ciwon suga, ko ciwon gwiwa wanda har ya sa wasu suke salla a kan kujera. Sai dai kuma bayan wata biyu ko uku mutum yakan hau sikeli ya tarar yana nan yadda yake, daga nan gwiwarsa ta yi sanyi, ya watsar. To, ina gizo yake saƙar?

Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori, kuma abin da jiki bai ƙona ba shi yake ajiyewa a matsayin kitse. Kilo 1 na kitsen jiki ya kai kalori kusan 7,700. Mutum mai nauyin kilo 70, in ya yi tafiyar sauri ta minti 30, abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 ba. Ke nan sai ya yi kwana 50 yana wannan tafiya kafin kilo 1 ya sauka, in har bai ƙara loma ko ɗaya a kan abin da ya saba ci ba.

Yanzu mu duba ɗaya ɓangaren. Cokalin cin abinci guda na man gyaɗa yana da kalori kusan 120. Gwangwanin lemu mai santilita 33 yana da kusan 140, domin sukarin da ke ciki ya kai giram 35. Ƙwayar sukari guda kuwa kusan 20 ce, kuma kowa ya san yawan da ake zubawa a butar shayi tun daga na fari har na uku. Ashe lemu guda da aka sha cikin minti 2 ya isa ya mayar da gumin rabin awa. Wannan ne ma ya sa mutane da yawa suke mayar da ɗan nauyin da suka rage a watan azumi cikin makonni kaɗan bayan Salla, wasu ma ba su rage komai ba saboda soye-soyen buɗa-baki.

Akwai kuma wani abin mamaki. A shekarar 2012 wani masani Ba'amurke, Herman Pontzer, da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan Hadza, wata ƙabilar mafarauta ta ƙasar Tanzaniya, waɗanda ke wuni suna tafiya a daji. Da aka yi la'akari da girman jiki, sai aka ga ƙarfin da suke ƙonawa a rana kusan daidai yake da na mazauna biranen Amurka da Turai. Masanan sun fahimci cewa jiki yana da dabarar tsimi: in an kashe da yawa a nan, sai ya rage a can.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa motsa jiki aikin banza ne. Yana saukar da hawan jini, yana taimaka wa jiki wajen sarrafa suga, yana kare tsoka kada ta zube tare da kitse, kuma yana daga cikin abubuwan da ke hana ƙiba dawowa bayan ta tafi. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, da aka ɗora su a kan gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Nauyin da aka nemi su rage kashi 7 cikin 100 ne kawai, wato ƙasa da kilo 6 ga mai kilo 80. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ita ma a 2020 ta shawarci baligai da minti 150 zuwa 300 a kowane mako.

Saboda haka aikin na gida ne gaba ɗaya. Uwargida ta riƙa auna mai da cokali maimakon kwararawa daga kwalba, ta yawaita zogale da kuɓewa da wake, a rage girman malmalar tuwo da tudun shinkafa. Maigida ya rage sukarin shayi da na fura, ya mayar da lemu abin ranar biki. Ba a ce a zauna da yunwa ba, domin rabin kilo a mako ya wadatar. Sannu ba ta hana zuwa. Mai ciwon suga da ke shan magani, da mai juna biyu da mai shayarwa, su nemi shawarar likita kafin su canza cimarsu.

Tafiyar asuba kuwa a ci gaba da ita ko da sikeli bai motsa ba, domin zuciya da jijiyoyi suna amfana. Allah ya ƙara mana lafiya, mu da iyalanmu baki ɗaya, amin.