Kumburin Hanji Mai Daɗewa: Ina Hannun Ƙwayoyin Cuta a Ciki?

Akwai mutanen da ke shafe shekaru suna fama da murɗawar ciki, gudawa mai jini da majina, ga kuma rama. Ciwon ya lafa na ɗan lokaci, sai ya sake tasowa. Manyan nau'o'insa biyu ne: cutar Crohn, wadda kan kama ko'ina daga baki har dubura, da gyambon babban hanji, wanda ba ya wuce babban hanjin.

Tun a 1913 wani likitan fiɗa ɗan Sikotland, Kennedy Dalziel, ya lura cewa hanjin masu irin wannan ciwo yana kama da na shanun da ke ɗauke da cutar Johne, wadda wata bakteriya 'yar uwar ta tarin fuka ke haddasawa. Daga nan aka fara zargin ƙwayoyin cuta.

Zargin yana da madogara. Ɓerayen gwaji da aka tsara su kamu da kumburin hanji galibi ba sa kamuwa idan an raine su babu bakteriya ko ɗaya a cikinsu. A 2001 kuma aka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna NOD2, wadda ke taimaka wa jiki gane bakteriya, tana ƙara haɗarin cutar Crohn. Sai dai da aka ba marasa lafiya a Ostareliya magungunan kashe waccan ƙwayar ta shanu har shekara biyu, sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna sauƙin bai ɗore ba.

Shi ya sa yawancin masana a yau suke ganin ba ƙwaya guda ce mai laifi ba. Garkuwar jikin wanda ya gaji raunin ce ke far wa bakteriyar da kowa ke zaune da ita lafiya, hanji ya riƙa shan wahalar faɗan.

A wajenmu, da an ga jini a bayan gida sai a ce atuni ne ko basir, a nufi kemis a sayo Flagyl. Sau da yawa atunin ne. Amma idan gudawar ta wuce wata guda, ko tana tafiya tana dawowa, a je asibiti a gwada bayan gida, a leƙa hanji da na'ura. Tarin fuka na hanji ma yana kama da Crohn ƙwarai, kuma maganin danne garkuwa da ake ba mai Crohn yana iya ta'azzara shi. Gwajin ne zai raba su.