Ƙararrawar da direba ya tsinke wa waya: yadda ake gano matsalar na'urar auna zurfin ruwa

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara.

Duk lokacin da jirgi ya kife, abu biyu muke ta maimaitawa: lodi ya yi yawa, babu rigar kariya. Gaskiya ne, ni ma na sha faɗa, musamman bayan abin da ya faru a Warrah cikin ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021. Amma yau wata 'yar ƙaramar magana na kawo, wadda na ci karo da ita a bakin ruwa a Yawuri.

Na shiga wani jirgin faiba mai inji, na ga akwai na'urar auna zurfi a gaban direba, tsohuwa, irin ta hannu da ake shigowa da su. Allon yana kawo wuta, amma ga wata waya tana lilo a tsinke. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Ɗana, ta ƙararrawa ce, ni na cire ta. Muna tsakiyar ruwa mai zurfi sai ta kama ihu, fasinja su rikice, mata su fara salati. Gara shiru."

Ban ga laifinsa sosai ba. Sai dai tafkin Kainji wuri ne da ruwa ya shanye dazuka da garuruwa bayan kammala madatsar a 1968, kuma ruwan yana hawa yana sauka da mitoci da dama a cikin shekara. Inda ka wuce lafiya wata uku baya, yau tudun yashi ne. Don haka muka koma da wani abokina mai gyaran rediyo, muka bi na'urar daki-daki.

Bari in fara da yadda take aiki. Kashi uku ne: allo, waya, da wani ɗan dunƙule da ke taɓa ruwa, wanda zan riƙa kira kunne. Kunnen yana harba sauti ƙasa, yawanci mai kilohaz 200 wanda mutum ba ya ji, sannan ya saurari amsa-kuwwa. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. In zurfin mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, wato kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa. Amsar da ke dawowa ba ta da ƙarfi ko kaɗan, shi ya sa abu ƙalilan ke ruɗa ta. In ta ruɗe sai allon ya nuna rabin mita a wurin da ya kai mita goma, ƙararrawa kuwa lambar allo take bi.

Farkon abin dubawa wuta ce. Mutane suna ɗora mita a kan batir, su ga bolt 12.6, su ce lafiya lau. A'a, a bayan allon za ka auna, na'urar tana kunne. Mu da muka auna a can, abin da ke isowa ya yi ƙasa sosai da na kan batir. Muka bi waya har gidan fis, sai ga shi ya yi kore shar, tagullar ta ci tsatsa. Da muka feɗe robar wayar, cikinta ya yi baƙi har kusan tsawon hannu. Irin wannan gogewa ba ta isa, yanke ta ake yi har sai an kai inda tagulla ke sheƙi. Kada a manta da baƙar waya, ita ma tana ruɓewa kamar ja. Kuma don Allah, in fis ya ƙone a sa mai lamba ɗaya da shi, a daina naɗa masa takardar sigari.

Alamu biyu suna taimakawa a nan. In allo yana mutuwa lokacin da aka tayar da inji da makulli, batir ya yi rauni ko haɗin ya saki. In kuma yana haukacewa ne idan an ba inji wuta, a auna a lokacin. Wasu ƙananan injuna suna cajin batir ba tare da abin daidaita wuta ba, sai ta wuce bolt 14 da ake so, ta kai inda na'urar ba ta jurewa.

Sai wayar kunne, kuma a nan na fi so ku tsaya da ni. Wannan ba irin wayar fitila ba ce. Tana da wata raga ta ƙarfe da ta lulluɓe ta, aikinta kare wannan raunanniyar amsa daga hayaniyar lantarki. A jirgin Kawu an taɓa yanke ta, aka murɗa da hannu, aka naɗe da baƙin tef, ragar kuma aka bar ta ba a haɗa ba. Ƙari a kan haka, an ɗaure ta tare da wayoyin inji a dami ɗaya don a ga tsabta. Tartsatsin fulogi yana shiga kai tsaye. Gwajin ba ya cin ko sisi: ka tsaya wuri ɗaya, inji a kashe, ka duba lamba. Ka tayar, ba ka sa giya ba, ka ƙara wuta. In lambar ta fara tsalle alhali jirgi bai motsa ba, hayaniyar inji ce. Ka raba wayoyin, kowace ta bi nata gefen. Haɗin da aka yanke kuma a yi masa solda, har ragar, a rufe yadda ruwa ba zai shiga ba. Soket ɗin bayan allo a zare a duba ko wani fil ya lanƙwashe ko ya yi kore, a wanke, a shafa ɗan giris irin na lantarki.

Kunnen kansa fa, ya mutu ko yana raye? Ka ɗaga shi na ɗan lokaci, ka kai shi kusa da kunnenka, a yawancinsu za ka ji ƙas-ƙas a hankali. Kada ka daɗe da shi a waje yana aiki. Gwajin da ya fi shi ne ka zura shi ta gefen jirgi, fuskarsa tana kallon ƙasa, a inda ka riga ka auna da gora. In ya ba da daidai a nan amma yana ƙarya a mazauninsa, to wurin ne matsala. Babban abokin gabarsa kumfa ce, domin sautin ba ya ratsa iska. In an kafa shi kusa da farfela, ko ya ɗago sama da ƙasan jirgi, da an yi gudu sai ya makance. Gansakuka da ciyawa su ma suna rufe masa fuska, a wanke da tsumma, ban da kankara da wuƙa. Masu jirgin katako kuma ku sani, dabarar manna shi daga ciki tana aiki a faiba amma ba a katako ba, katako shanye sautin yake yi.

Saura saiti, wanda ya ba mu dariya. Na'urar Kawu a ƙafa take lissafi, shi kuma yana karantawa a mita. In ta nuna 3, shi a ransa mita uku ne, alhali bai cika mita ɗaya ba, tunda mita ɗaya ƙafa 3.28 ce. Wasu ma suna da ma'aunin gaba, mai ƙafa shida. Sannan ka san daga ina take fara ƙirga: daga kunne, daga saman ruwa, ko daga mafi ƙasan jirgi? Akwai wurin da ake sa wannan bambancin. Shawarata a saita ta daga ƙasan farfela, jirgi yana da lodi, don lambar da direba ke gani ta zama ruwan da ya rage masa na gaske.

Gwada ƙararrawa kuwa minti ɗaya ne. Kana kan mita 4, ka saita ta a mita 5. Dole ta yi kuka. In allo ya nuna alama amma babu sauti, ƙararrawar ce ta mutu ko wayarta. In ta yi, sai ka mayar da ita inda ya dace, ba ƙasa sosai ba yadda za ta yi kuka bayan ka riga ka hau yashi.

Abu ɗaya da ban so kowa ya fahimce ni a karkace: na'urar nan ƙarƙashinta take gani, ba ta ganin gaba. Jirgi mai gudun kilomita 20 a awa yana cin sama da mita 5 a daƙiƙa. Ƙasan da ke tasowa a hankali za ta gaya maka, amma kututturen da ke tsaye shi kaɗai, sai ka ji shi a jikin jirgi. Wannan sai sanin hanya irin na tsofaffin direbobi da sarakunan ruwa, da rage gudu, da barin tafiyar dare.

Aikin jirgin Kawu bai kai mu la'asar ba: sabuwar waya, gidan fis, solda, da sauke kunnen ƙasa kaɗan. Muka fita gwaji, muka nufi wani tudun yashi da ya sani, a hankali. Ƙararrawa ta yi kuka kafin gora ta taɓa ƙasa. Ya dube ni ya ce, "To yanzu sai ka zo ka yi wa fasinjoji bayani, in sun ji ta kada su tashi tsaye." Na ce masa ranar kasuwa ina nan tafe.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.