Bututun shigar da iska a murhu: mene ne aikinsa, kuma nawa yake ci?

Da zarar hunturu ya kankama a Ƙaraye da Rogo, musamman ƙauyukan da ke bakin madatsar ruwa ta Challawa, sai a ga ana shiga ɗaki da kaskon wuta, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ɗumin yana da daɗi, sai dai wutar da mai ɗakin iska ɗaya suke rabawa.

Kilo ɗaya na busasshen itace yana buƙatar iska kimanin kilo 6 kafin ya ƙone sarai. Idan iskar ta yi ƙaranci, wutar ba ta mutuwa nan take, sai ta riƙa fitar da gubar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 ko fiye. Shi ya sa mutum yake farawa da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani bai farka ba ke nan.

A Amurka da Turai akwai murhun ɗumama ɗaki da ke cin ƙananan dunƙulen dusar katako, masu kaurin milimita 6 zuwa 8. Wutar tana cikin rufaffen akwatin ƙarfe, fanka tana jawo iska, hayaƙi kuma yana fita ta bututu. Sai aka ƙara masa bututu na biyu, mai faɗin inci 2 zuwa 3, wanda ke huda bango ya ɗebo iska daga waje kai tsaye zuwa cikin akwatin. Da haka murhun ba ya taɓa iskar ɗakin, kuma ba ya zuƙo sanyi ta ƙarƙashin ƙofa. A Amurka ma wajibi ne a saka shi a gidajen da ake ja da mota, saboda ƙanƙantarsu da yadda suke a rufe ruf.

Kayan ba su da yawa: bututun alminiyam mai lanƙwasuwa, farantin bango, maɗauri, da ragar da ke hana ɓera da ƙwari shiga. A can ana samun saitin a ƙasa da dala 100. Amma a yi odarsa zuwa Rogo asarar kuɗi ce, domin kuɗin dako zai iya fin na kayan, alhali mai walda ko maƙerin kwano a kasuwar Ƙaraye zai haɗa irinsa cikin yini guda. Inda kuɗin yake shi ne murhun kansa, da wutar lantarkin da fankarsa ke ci. Babu wuta, babu aiki, sai dai a haɗa shi da batir da sola.

Kada a yi kuskuren jawo bututu zuwa gindin kurfoti a ce an tsira. Buɗaɗɗiyar wuta a cikin ɗaki take zubar da gubarta, ko daga ina iskar ta zo. Dabarar tana aiki ne kawai idan wutar tana rufe kuma hayaƙin yana da tasa hanyar fita.

Ga mai son maƙeri ya ƙera masa rufaffen murhu da zai ci totuwar masara ko dunƙulen ɓuntun shinkafa, abubuwan da yankin ke da su birjik bayan kaka, bakin shigar iska ya kasance ƙasa, na hayaƙi ya zarce rufin, kuma a nisanta su da juna don kada murhun ya sake zuƙo hayaƙinsa. Duka biyun na ƙarfe za a yi, ban da roba. Ragar kuwa ƙurar hunturu tana toshe ta da wuri, sai an riƙa kakkaɓewa. Idan akwai sauran kuɗi, ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji gubar ta fi cancanta da a saya, a kafa ta a ɗakin da ake kwana.