Dariya Mai Ɗaci a Gidan Biki

A shekarar 2012 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna Bachelorette, wanda wata mata, Leslye Headland, ta rubuta ta kuma ba da umarninsa, bayan da ta fara gabatar da shi a kan dandamalin wasan kwaikwayo. Labarinsa gajere ne. Wasu 'yan mata uku sun yi makaranta tare da wata ƙawarsu mai jiki, wadda suka saba yi wa ba'a a bayan idonta, sai ga shi ita ce Allah Ya fara kawo wa miji, ta kuma kira su su zama ƙawayen amarya. A daren jajibirin ɗaurin aure, cikin maye da shashanci, biyu daga cikinsu suka shiga rigar amaryar tare don su nuna faɗinta, rigar ta yage, suka kwana suna karakaina a birnin New York neman mai ɗinke ta kafin gari ya waye.

Irin wannan fim ana gina barkwancinsa ne a kan abin da a haƙiƙa ba na dariya ba ne, wato hassada da ƙasƙanci da tsoron a bar mutum a baya, ta yadda mai kallo zai ƙyalƙyale da dariya, sa'an nan ya ji kunya ta rufe shi, domin ya hango wani sashe na halinsa. Lalle akwai shaye-shaye da batsa a cikinsa waɗanda ba su dace da tarbiyyarmu ba, ba kuma ina kiran kowa zuwa gare su ba ne. Amma ƙashin bayan labarin, wato yadda ƙawa ke son ƙawarta da zuciya ɗaya alhali kuma tana jin zafin ta riga ta ɗaki, babu macen da ta taɓa zama a gidan biki a Funtuwa ko Malumfashi da za ta ce baƙon abu ne gare ta.

A wannan yanki namu na noma, aure yana bin kaka. Idan an cire auduga, an sussuke masara da dawa, an kai buhuna kasuwannin Funtuwa da Ɗandume da Bakori, kuɗi suka shigo hannu, sai ranakun biki su jeru, haka kuma idan Sha'aban ya kama ana gaggawar kai amare kafin azumi. Maza dai nasu mai sauƙi ne: a taru, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a ambaci sadaki, a shafa Fatiha, a raba goro, a watse. Nauyin al'amarin kuwa a cikin gida yake, inda tun daga ranar da aka kawo lefe ake buɗe akwatuna ana ƙirga turamen atamfa a gaban dangi da maƙwabta, har zuwa kamu da sa lalle da jeren kayan ɗaki da sayen baki da kai gara. Kuma a kowace gaɓa daga cikin waɗannan akwai ƙawar da za ta ɗaukaka, akwai wadda za ta ji an wofintar da ita. Wa aka zaɓa babbar ƙawa? Wa ta kasa sayen anko har ta ƙirƙiro ciwon kai? Wace ce tela ya riƙe wa ɗinki har safiyar yini?

Babban abin da ke ƙasan duk wannan shi ne gudummawa, wadda a zahiri kyauta ce, a baɗini kuwa bashi ce da ake riƙewa a ka ko a rubuta a littafi, har ranar da mai bayarwa za ta tashi nata sha'anin a mayar mata, galibi da ƙari. Wannan al'ada daɗaɗɗiya ce. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin yadda mata ke ƙulla ƙawance da musayar kyautar biki. Tsari ne na taimakon juna wanda ya rufa wa mata da yawa asiri, amma kuma idan talauci ya sami ɗaya ya bar ɗaya, shi ne ke raba aminan shekara da shekaru a kan kwanon samira.

Wadda ta fi kowa fahimtar wannan duniya ta cikin gida 'yar Funtuwa ce, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, wadda ta rasu a watan Maris na 2013. Da ƙorai da 'yan amshinta mata take kiɗan amada a gidajen biki da suna, tana zolayar macen da ba ta da sana'a, tana taɓa kishi da haihuwa da sirrin zaman aure, da kalmomin da wani lokaci sukan sa dattijai su kau da kai. Matan kuwa suna rawa suna liƙi, ko da zancen a kansu ya faɗa, domin sun san gaskiya ce aka naɗe cikin raha. A ganina, abin da masu fim na Amurka suka nema da kyamara, Barmani ta riga ta same shi a tsakar gida, ta kuma fi su tausayin waɗanda take zolaya.

Abin da ke damuna shi ne, tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 har zuwa yau, finafinan Hausa ba su ba wannan fage haƙƙinsa ba. Barkwancinmu ya fi karkata ga maza, kamar yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe shi har rasuwarsa a 2014, labarin mata kuwa yawanci ko soyayya ko kishiya, ƙawa kuma sai a mayar da ita mai zuga ko mai raka mutum gidan boka. Alhali kuwa marubuta mata, irin su Hajiya Bilkisu Funtuwa mai littafin Allura Cikin Ruwa, sun daɗe da nuna cewa mu'amalar mata da junansu ta isa ta ɗauki labari. Malamai sun sha faɗakarwa a kan riya da almubazzaranci, suna tunatar da cewa aure mafi albarka shi ne mafi sauƙin ɗawainiya, sai dai wa'azin sau da yawa a kunnen maza yake sauka, alhali littafin gudummawa yana hannun mata.

Saboda haka ina kira ga masu shirya fim na Kano da Kaduna da Katsina, musamman mata daga cikinsu, da su zo Funtuwa ko Malumfashi bayan kaka, su nemi izini su zauna a gidan biki tun daga kamu har buɗar kai, su saurari abin da ƙawaye ke faɗa a gaban amarya da abin da suke faɗa idan ta ba da baya, sa'an nan su ba mace alƙalamin rubuta labarin.