Yadda Ƙarfin Iska da Alƙiblarta Ke Sauyawa Tsakanin Wurare Makusanta

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa awon iska da aka yi a tasha guda, kamar ta filin jirgin sama, ba zai wakilci lardi baki ɗaya ba. Gaskiya ne da hunturu iska kan taso daga arewa maso gabas, da damina kuwa daga kudu maso yamma. Amma siffar ƙasa takan sauya wannan babban tsari cikin 'yar tafiya kaɗan, saboda dalilai uku.

Dalilan Sauyin

Na farko shi ne tsaunuka. A arewacin Chadi, iskar hunturu kan matsu tsakanin tsaunukan Tibesti da na Ennedi, sai gudunta ya ƙaru, tamkar ruwan da ya shiga ƙuntatacciyar magudana. Daga nan ta faɗa kwarin Bodele, wato busasshen gindin tsohon tafki, ta kwashi ƙura. Wani ɓangare na hazon da kan lulluɓe Kano daga can yake. Binciken da aka gudanar a kwarin cikin 2005 ya nuna cewa iskar ta fi tsananta da hantsi.

Na biyu shi ne abin da ke bisa doron ƙasa. Itatuwa da gidaje sukan rage wa iska gudu, fako da sarari kuwa sukan sake ta. Don haka ne ƙa'ida ta ce a auna iska a fili, a tsayin mita 10.

Na uku shi ne bambancin zafi. Da rana tudu kan riga ruwa ɗumi, sai iska ta riƙa busowa daga Tafkin Chadi zuwa gaɓa, da dare kuma ta juya.

Kammalawa

Wannan batu ba na cikin aji kaɗai ba ne. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da injin samar da lantarki zai iya samu daga gare ta kan ninka sau takwas. Haka kuma jerin itatuwan kare iska ba ya amfani sosai sai ya gitta mata hanya. Saboda haka, kafin a kafa injin ko a dasa itatuwa, wajibi ne a auna iska a ainihin wurin, na aƙalla shekara guda.