Afirka ta Kudu: an rufe tashar kwal ta Komati tun ma'aikata ba su koyi sabuwar sana'a ba

A ƙarshen watan Oktoban 2022 ne kamfanin Eskom ya kashe injin ƙarshe na tashar lantarki ta Komati da ke lardin Mpumalanga, kimanin shekara 60 bayan ta fara aiki da kwal. Niyyar ita ce a samar da wuta a wurin daga hasken rana da iska, tare da manyan batura. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 domin aikin, har da horar da ma'aikata.

Sai dai an rufe tashar tun sabon aikin bai kankama ba. Cikakkun ma'aikatan Eskom ba su rasa albashi ba, domin an tura da yawansu wasu tashoshi. Waɗanda suka ji jiki su ne 'yan kwangila, direbobin motocin kwal da masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Kwamitin shugaban ƙasa kan sauyin yanayi ma ya ce an makara wajen tuntuɓar mutanen garin.

Horon kansa ba shi ne mai wuya ba: ƙwararren mai gyaran wuta zai iya koyon haɗa faifan sola. Matsalar ita ce gonar sola tana ɗibar mutane ne lokacin gini. Idan an gama, kaɗan ke saura don wanke faifai da gyara. Ga shi manyan gonakin solar ƙasar sun fi yawa a lardin Northern Cape, nesa da gidajen ma'aikatan kwal.

A 2024, musamman saboda ƙarancin wuta, an ɗage rufe tashoshin Camden, Grootvlei da Hendrina zuwa 2030.